Gargaɗi ga Hausawan Jidda: Ƙofofi da Na'urorin da Ake Canza wa Manhaja Kuna Barci

'Yan'uwa Hausawa mazauna Jidda, iyaye da yayye da ƙanne, masu gida da 'yan haya, da ku 'yan'uwanmu mata masu aikatau a gidajen mutane, da direbobi, da masu gadi. Wannan saƙo na gaggawa ne.

Idan gidan da kuke kwana a cikinsa ƙofarsa da lamba ake buɗe ta, ko da yatsa, ko da waya, idan mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, da fitilu da labulen ƙarfe na taga da dinamon tura ruwa sama duk daga waya ake kunna su, to ku yi abu biyu yau kafin dare. Ku nemo ɗan makullin ƙarfe na wannan ƙofa, ku gwada shi da hannunku, ku ga ya buɗe. Sannan ku koyi kunna mukayyif da dinamo ba tare da waya ba. Waɗannan na'urori ana canza musu abin da ke cikin ƙwaƙwalwarsu daga nesa, ta iska, sau da yawa cikin dare, ba tare da an nemi izinin kowa a gidan ba. Galibi ana gamawa lafiya. Ranar da ba a gama lafiya ba, wanda ke cikin gidan shi zai sha wuya, kuma a Jidda wannan mutumin sau da yawa namu ne.

Ga yadda abin yake. Kowace irin wannan na'ura, ƙwan fitila ne ko makullin ƙofa ko soket, tana ɗauke da 'yar manhaja da aka rubuta mata tun a masana'anta, wadda ke gaya mata abin da za ta yi in an taɓa ta. Ita ce manhajar ciki. A gidan kuma akwai wani ɗan akwati, galibi fari, da ba ya wuce faɗin hannu, a kusa da rautar intanet ko bayan talabijin, masu shago suna ce masa hab. Shi ne cibiyar gidan. Da kamfani yana magana ta intanet, da fitilu da makullai kuma yana magana ta siginar rediyo mai ƙaramin ƙarfi, irin su Zigbee da Z-Wave da Thread. SmartThings na Samsung, Hue Bridge na Philips, Dirigera na IKEA, akwatunan Aqara da na Tuya, har da wasu lasifikokin Echo na Amazon, duk wannan aikin suke yi. Idan kamfani ya fitar da sabuwar manhajar ciki, abin da za ku gani a waya an rubuta tahdis, akwatin ne ke sauko da ita ya riƙa ɗura wa na'urorin gidan ɗaya bayan ɗaya. Hanyar tana da ƙunci. Zigbee ba ya wuce kilobit 250 a daƙiƙa, don haka na'ura guda kan ci minti goma, wata fiye da awa, kuma in mai batir ce aikin yana cin batirin ƙwarai.

Wanda ya yi makarantar allo zai gane inda hatsarin yake. Sai an wanke allo ake rubuta sabon karatu. In an wanke tawada ta ƙare kafin a gama, ko aka rubuta wa yaro karatun da ba nasa ba, allon ya rasa tsohon, bai samu sabon ba. Na'urori masu inganci suna ajiye tsohon rubutun a gefe har sai sabon ya tabbata. Akwai masu arahar da ba a yi musu wannan tanadin ba. Wuta ta ɗauke a daidai lokacin, ko batir ya mutu, ko kamfani ya aiko da abin da ba daidai ba, shi ke nan, na'ura ta mutu a jikin ƙofa.

Ya taɓa faruwa, kuma an san ranarsa. A watan Agustan 2017 wani kamfanin makullai a jihar Kolorado ta Amurka, mai suna LockState, ya tura sabuntawa ta iska. Manhajar da aka yi domin samfurin 7i ce ta faɗa kan makullai samfurin 6i. Makullai kusan 500 suka daina karɓar lamba, suka kuma yanke hulɗa da kamfanin, har ya zama shi kansa ba shi da hanyar gyara su daga nesa. Kusan 200 daga cikin masu makullan masu ba da hayar ɗakuna ne ta Airbnb, baƙinsu kuwa lamba kawai aka ba su. Aka ce wa mutane su kwance bayan makullin su aika ta gidan waya su jira kwana biyar zuwa bakwai, ko su jira sabo na kwana 14 zuwa 18. A duk tsawon wannan lokaci ɗan makullin ƙarfe ne kaɗai ya ci gaba da aiki.

To ku dubi Jidda a yau. Gidajen hayar kwana da ake kamawa ta Gathern ko Airbnb da yawansu haka suke, ba ka ganin mai gida, lamba ake turo maka ta WhatsApp. Alhazanmu da masu Umra suna sauka filin jirgin saman Sarki Abdul'aziz da tsakar dare, ga tsofaffi, ga yara, ga kaya. Ku masu kama musu masauki, kada ku karɓi lamba ita kaɗai. Ku tambayi mai gidan wa ke riƙe da ɗan makulli a kusa, mai gadin ginin ne ko wani maƙwabci, ku karɓi lambar wayarsa, ku kira ku ji ya ɗauka kafin baƙi su taso daga filin jirgi. Dattijuwar da ta kwana a hanya daga Kano ko Yamai bai kamata ta tsaya a matattakala tana jiran wanda ke barci a Riyad ba.

Hatsari na biyu bayan na ƙofa, kuma shi ya fi tayar mini da hankali, zafi ne. A Janairun 2016 na'urorin Nest masu daidaita ɗumi da sanyin gida, waɗanda ke ƙarƙashin Google, suka mutu a gidaje da dama a Amurka ana tsakiyar hunturu. Sabuntawar da aka tura musu tun Disamba ce take zuƙe batirinsu a hankali, sai bayan makonni abin ya fito fili. Ku lura da wannan: ɓarnar sabuntawa ba lallai ta bayyana a ranar da aka yi ta ba. Su can sanyi ne ya tashe su daga barci. Mu nan a garin da aka auna zafin digiri 52 ranar 22 ga Yunin 2010 muke, garin da gumin Agusta da Satumba ke hana numfashi ko da rana ta faɗi. Gidajen zamani kuwa an rufe su ruf da gilashi da labulen ƙarfe mai aiki da lantarki, ba a gina su don iska ta ratsa ba kamar gidajen Balad masu tagogin katako. Mukayyif ya tsaya a irin wannan ɗaki da azahar, jariri ko tsoho ko mai ciwon zuciya ba shi da awoyi masu yawa. Rimot ɗin mukayyif na asali da aka jefa a durowa tun ranar da aka haɗa shi da waya, a ciro shi, a sa masa batir, a rataye shi inda kowa zai gani.

Akwai kuma abin da mutane ba su cika sani ba. Na'ura in ta gama sabuntawa kashe kanta take yi ta sake tashi, kuma ba kowace ce ke komawa yadda aka bar ta ba. Wata takan dawo a kashe, wata a kunne. Shi ya sa a saitin SmartThings aka ware zaɓin a sabunta komai ban da ƙwayayen fitila, domin sukan haskaka da kansu cikin dare. Fitila ta haskaka, barci kawai ta katse. Amma soket ɗin da aka jona wa hitar ruwa ko dutsen guga ko butar lantarki ya dawo a kunne babu kowa a gida, maganar gobara ake. Wanda aka jona wa firji ya dawo a kashe, allurar mai ciwon suga ta lalace ba a sani ba. Saboda haka ina faɗa da babbar murya: firjin da ke ɗauke da magani, da injin iskar numfashi na majinyaci, da duk abin da ke yin zafi, kada a jona su a soket ɗin da ake sarrafawa da waya. A kai su bango kai tsaye.

Kada kuma wani ya ce nasa na babban kamfani ne. A Maris ɗin 2025 sabuntawar Samsung ta kashe wasu manyan lasifikokinta na talabijin masu tsada, kamfanin ya amsa laifi ya yi gyara kyauta. Ranar 19 ga Yulin 2024 sabuntawa guda daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 a duniya, jiragen sama suka tsaya, asibitoci suka koma takarda da biro. Masu injiniyoyi dubbai ke nan.

Yanzu gare ku, 'yan'uwana mata masu aikatau. Ku ne kuka fi kowa daɗewa a cikin waɗannan gidaje, ku ne kuma ba a sa wa manhajar a waya ba. Baba yana ofis, Mama tana wurin aiki ko kasuwa, ke ce da yara. Irin wannan ƙofa da yawa tana kulle kanta da zarar ta rufu. Ki fita zubar da shara ko karɓar saƙo a hannun mai kawo kaya, iska ta turo ƙofa, ki danna lamba ta ƙi, ga yaro a ciki, ga tukunya a wuta. Wasu makullan suna da wurin da ake manna batir ko cajar waya daga waje in batirinsu ya mutu, amma wannan maganin mutuwar batir ne, ba ya tayar da makullin da manhajarsa ta lalace. Don haka ki samu lokacin da uwar gida take cikin natsuwa ki tambaye ta da ladabi: "Mama, in ƙofa ta kulle ina waje yara suna ciki, da me zan buɗe?" Ki tambaya saboda 'ya'yanta, za ta saurare ki. In ba za a ba ki ɗan makullin ba, a ajiye shi wurin mai gadi ko maƙwabciya, ke dai ki san inda yake. Har zuwa lokacin, kada ki tsallake bakin ƙofa ba waya a hannunki, kuma ki tokare ƙofar da wani abu.

In kina shara ko goge-goge, ɗan akwatin nan fari kada ki cire shi daga wuta don ki jona injin shara. In kin ga fitilarsa tana ƙyaftawa da wani launin da ba ki saba gani ba, ko makulli yana ƙara shi kaɗai, ki bar su, wataƙila sabuntawa ake yi. Kada ki ciro batir don ki yi shiru da shi. Akwai wani ɗan rami a bayan irin waɗannan na'urori da ake tsokana da allura, shi ke goge komai, kada ki taɓa shi ko da wani ya ce miki haka ake gyarawa. In kuka wayi gari abu ya mutu, ki ɗauki bidiyonsa nan take, ki tura wa masu gidan, don lokacin ya zauna a rubuce. Ina faɗin haka ne domin in na'urar riyal dubu ta mutu cikin dare, wanda ake fara kallo ita ce mai aikin gida. Dokar ma'aikatan gida ta wannan ƙasa ba ta yarda a yanke albashi kan ɓarna ba sai wadda aka yi da gangan ko da sakaci, kuma abin da kamfani ya kashe daga wata nahiya ba sakacinki ba ne. Mai takardu tana iya kiran Ma'aikatar Ƙwadago a 19911 ko ta bi ta manhajar Musaned. Na san akwai 'yan'uwa da yawa da ba su da iƙamar da za su tsaya da ita a gaban hukuma, kuma tsoro kan hana su ɗaga waya. 'Yar'uwa, in hayaƙi ne ko yaro a kulle, ki kira 911, ki buga wa maƙwabta ƙofa, ki yi ihu. Maganar takarda tana da gobe, rai ba shi da ita.

Ku kuma masu gida, har da 'yan'uwanmu Hausawa 'yan ƙasa da Allah ya buɗa wa, ku ji tsoron Allah game da wanda kuke bari a gida. Ƙofar da ba ta buɗuwa sai daga wayar mutum ɗaya ba tsaro ba ce ga wanda ke ciki. Yawancin makullai masu kyau suna da hannu ta ciki da ke buɗewa ko babu batir, to ku gwada naku, ku nuna wa mai aiki da yara da tsofaffi. Sai ku fita ku duba ƙofar waje da ta gareji da labulen tagogi, domin su da lantarki suke motsi. Ƙofar gareji tana da igiya ko sarƙa da ake ja a sake ta daga injin a ɗaga da hannu, direba da mai gadi su san inda take. Mutanen Jidda ba sa buƙatar a tuna musu da ruwan 25 ga Nuwamban 2009, wanda ya ci rayuka fiye da 100, ko na 24 ga Nuwamban 2022 da aka auna milimita 179 cikin awa shida. Ranar irin wannan ruwa, wuta da intanet su ne farkon tafiya.

Wani zai ce, da muguwar rawa gara ƙin tashi, bari in kashe sabuntawar nan gaba ɗaya in huta. A'a, wannan ma hatsari ne, kuma ta wata fuskar ya fi muni. Yawancin sabuntawa toshe kafar da ɓarayin intanet suka gano take yi. Ranar 21 ga Oktoban 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai, wadda ta mamaye kyamarori da na'urorin naɗar bidiyo na gidaje dubban ɗaruruwa ta hanyar gwada kalmomin sirri kusan 60 da ake fitowa da su daga masana'anta, ta rufe manyan shafukan intanet a Amurka, masu kyamarorin ba su ma san da su ake yaƙin ba. A wannan shekarar ne wasu masu bincike daga Isra'ila da Kanada suka nuna cewa da jirgi maras matuƙi ana iya cusa wa fitilun Philips Hue sabuntawar bogi daga wajen gini, ta riƙa tsallakawa daga ƙwai zuwa ƙwai. A 2020 kamfanin Check Point ya nuna ana iya bi ta ƙwan fitila a shiga akwatin cibiya, daga nan a shiga intanet ɗin gidan. Duka kafofin fitilun nan biyu da sabuntawa aka toshe su, wanda ya kashe tasa kuwa har yau kafar tana buɗe. Ku tuna inda kyamarorin nan suke kallo: falo, ɗakin yara, inda matanmu ke zama ba mayafi. Wanda ya shiga kyamarar gida mutuncin gidan ya shiga.

Ra'ayina a nan shi ne a raba na'urorin gida biyu. Kyamara da rauta da shi kansa akwatin cibiya, a bar su su riƙa sabunta kansu, a canza musu kalmar sirrin da suka zo da ita, a sa musu ƙaramin batirin ajiyar wuta don kada ɗaukewar wuta ta same su a tsakiyar aiki. Amma makullin ƙofa, da abin da ke sarrafa mukayyif, da dinamo, da ƙofar gareji, a shiga saitin manhajar a mayar da su sai an nemi izini, ko aƙalla a zaɓa musu lokacin da akwai babba a gida ido biyu. Manhajar Hue tana barin a zaɓi lokaci, ta SmartThings tana barin a hana. In sabuwa ta fito a ba ta 'yan kwanaki, in akwai matsala waɗanda suka riga za su yi kuka, kamfani ya janye ta. In za a yi, a yi da safe a ranar aiki, ba daren Juma'a ba lokacin da masu gyara sun tashi. A sa sabon batir tukuna. A bar ƙofar a buɗe, ɗan makulli a aljihu. A yi guda, a gwada, sannan a wuce ta gaba. Kada a yi ana gobe tafiya Ɗa'ifa ko Abha, ko hutun gida, ko fita aikin Hajji. 'Yan kwanaki na ce, ba a manta da ita shekara ba. Akwai kamfanonin da ba sa ba da wannan zaɓi kwata-kwata, in naku irinsu ne, ku san cewa ƙofarku a hannun wani take, ku yi shiri daidai da haka.

Ku yi wani gwaji kuma, da rana, da izinin mai gida: a kashe intanet ɗin gidan na minti goma, a bar akwatin cibiya a kunne, a ga me ke aiki me ya tsaya. Ranar 6 ga Satumban 2025 manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku biyu, SMW4 da IMEWE, suka samu matsala a Bahar Maliya kusa da Jidda ɗin nan, intanet ya yi nauyi a Indiya da Pakistan da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Ranar 20 ga Oktoban 2025 rumbunan bayanai na Amazon a Amurka suka tsaya na awoyi, Alexa da kyamarorin Ring suka daina amsawa a gidajen mutane. Umarnin da ka ba fitilar da ke saman kanka yana iya zuwa wata ƙasa kafin ya dawo. Gara ka san haka yau da ka gano a ranar tsanani.

Sai maganar sayayya. Tun da aka rushe tsofaffin unguwanni daga ƙarshen 2021, irin su Karantina da Sabil da Gulail da Hindawiyya da Kandara, jama'armu sun watsu, wasu sun koma sababbin gine-gine inda suka tarar da irin waɗannan ƙofofi an riga an sa. Mai shiga sabon gida ya tambaya: asusun wa makullin nan yake ɗaure da shi? In na tsohon ɗan haya ne ko na wanda ya zo ya haɗa, to har yanzu yana iya buɗe ƙofarka daga inda yake, kuma shi ake tambaya izinin sabuntawa, ba kai ba. A goge, a sake ɗaurawa da sunanka, a canza lambobi duka. Haka abin yake ga na hannu da ake saye a Harajin Sawarik ko a manhajar Haraj. Bayan wannan akwai akwatunan da kamfanoninsu suka yi watsi da su. Revolv, na dala 300, an kashe shi daga nesa a Mayun 2016. Insteon ta rufe rumbunanta ba sanarwa a Afrilun 2022. Samsung ta daina kula da akwatin SmartThings na farko a Yunin 2021. Wink a 2020 ta ce wa waɗanda suka riga suka sayi akwatinta su riƙa biyan dala 4.99 duk wata ko ya daina aiki. Irin waɗannan kaya a kasuwar na hannu suke ƙarewa, fes da su a kwali.

Masu kai tsaraba gida, Kano ko Maraɗi ko Damagaram, ku ƙara tunani sau biyu. Na'urar da ke tsoron ɗaukewar wuta a tsakiyar sabuntawa za ku kai inda wuta ke ɗaukewa ba sallama. Na'urar Z-Wave ta Amurka a kan mita 908 take, ta Turai a kan 868, ba sa jin juna. Wasu akwatunan da aka yi domin kasuwar Sin ba sa yarda su yi aiki sai an ɗaure su da rumbun can. In har za ku kai wa iyaye makullin lamba, ku kai mai ɗan makullin ƙarfe, ku damƙa musu shi a hannu.

A shago, ko Jarir ne ko eXtra ko SACO ko ƙananan shagunan titin Falasɗinu, ku yi tambaya uku: yana da ɗan makulli, yana aiki in babu intanet, kuma har zuwa wace shekara kamfani zai ci gaba da aiko masa da sabuntawa? Tambayar ƙarshen ba neman fitina ba ce. A Ingila tun 29 ga Afrilun 2024 doka ta wajabta wa kamfani ya faɗi wannan wa'adi, ta kuma hana sayar da na'ura da kalmar sirri irin ta kowa da kowa. Tarayyar Turai ta kafa tata dokar a Disamban 2024, wadda za ta fara aiki gadan-gadan a Disamban 2027. A nan Saudiyya kayan lantarki suna da garantin shekara biyu, kuma na'urar da sabuntawar kamfani ta kashe ba kai ka lalata ta ba. Ku adana rasit, ku ɗauki hotonsa. In wakilin kamfani ya ƙi gyarawa, Ma'aikatar Kasuwanci tana karɓar ƙara a 1900 da kuma manhajar Balag Tijari.

Abu na ƙarshe da ɓarayi suka riga suka gano: kalmar tahdis tana sa mutane gaggawa. Babu kamfanin makulli ko kyamara da zai kira ka ko ya turo maka mahaɗi ta WhatsApp ya ce ka danna don a sabunta na'urarka. Babu sabuntawar da ke buƙatar lambar da banki ya turo maka, ko ta Abshir, ko ka amince da buƙata a Nafaz. A cikin manhajar na'urar kaɗai ake yin ta. Wanda aka yi wa irin wannan kira ya kashe wayar, ya kai rahoto ta manhajar Kulluna Amn.

Ku rubuta waɗannan lambobi a takarda ku manna a bayan ƙofa, ba a waya kaɗai ba: 911 don kowane irin agajin gaggawa a yankin Makka, 998 'yan kwana-kwana, 997 motar asibiti, 933 matsalar wutar lantarki. A ƙarƙashinsu ku ƙara lambar mai gadin gini da ta wanda ke riƙe da ɗan makulli na biyu.

Ina roƙon malamanmu, da shugabannin al'umma, da iyaye mata masu jagorancin adashe da bukukuwa, da ofisoshin jakadancin Najeriya da Nijar da ke Jidda, su ɗauki wannan magana su kai ta inda rubutu ba ya kaiwa. Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu mata ba sa fita daga gidajen da suke aiki, ba sa kuma karatun boko, saƙon murya ne kaɗai ke isa gare su. Wanda ya karanta wannan, don Allah ya naɗe shi da muryarsa, ya tura wa 'yar'uwarsa da ke aikatau, ya tura wa na Makka da na Madina. Allah ya tsare mu da iyalanmu.